Shekarar da Na Buɗe wa Kowa Kwamfutar Ofis

Kun taso kuna jin ana cewa an ɗauke ni daga babban ofishinmu na cikin gari an kai ni Tirwun ne saboda na lalata kwamfutar gwamnati. Ke Sadiya har faɗa kika taɓa yi a makaranta a kan wannan magana, kika dawo gida da yagaggen hijabi, ni kuwa ban ce miki komai ba. A lokacin ba ni da ƙarfin yin bayani. Yanzu gwiwa ta hana ni fita, ido ma ya fara raguwa, gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina iya ganin layin takarda. Ban lalata komai ba. Amma akwai laifin da na yi, kuma ba shi ne wanda mutane suka sani ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a sashen da ke ajiye bayanan ma'aikata. Mu uku ne a ɗakin. Akwai Malam Bappa, babban akawu, wanda ya fara aiki tun ina firamare. Akwai Rifkatu mai kula da fayil-fayil, mace mai fara'a, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" take ce masa. Sai ni a kusurwa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. A duk shekarun nan ban tuna wani babba ya taɓa kiran sunana ba. Idan ana son takarda, sai a ce a kai wa mai tafireta.

Da aka kawo kwamfuta, guda ɗaya aka ba sashenmu. Ɗan kwangila ya turo wani injiniya ya haɗa ta, ya buɗe wa kowannenmu akawunt, wato kowa da sunansa da kalmar sirrinsa da zai shiga da ita. Da ya zo sa manhajar bayanan ma'aikata, wadda mu a ofis furogiram muke ce mata, ni ce a zaune a gaban na'urar, don ni ce mai saurin hannu. Ya sa faifai, ya yi 'yan danne-danne, ya nuna mini yadda ake neman suna da yadda ake buga takardar ƙarin girma da ta canjin wurin aiki, ya tafi. Washegari Malam Bappa ya shiga da sunansa, bai ga komai ba. Rifkatu ta shiga, ita ma haka. Ni kuwa da na shiga, ga alamar manhajar nan a fuskar kwamfuta. Aka yi ta shawara, daga ƙarshe Darakta ya ce ai da ma irin wannan abu mutum ɗaya ake damƙa wa saboda tsaro. Kowa ya yarda, har da ni.

Cikin wata uku rayuwata a ofis ta canja. Aka ɗauko teburina daga kusurwa aka sa a tsakiya, aka kawo mini kujera mai katifa da fanka. Mutanen da a da ko amsa gaisuwata ba sa yi, yanzu su ne ke leƙowa suna cewa, "Malama Hauwa, an tashi lafiya?" Duk wanda ke jiran takarda sai ya biyo ta wurina. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin. Wanda bai yi shekara goma ana wuce shi kamar kabad ba, ba zai gane ba.

Wata rana injiniyan ya dawo gyaran na'urar buga takarda. Ya ga Malam Bappa a tsaye a bayana yana jiran in nemo masa wani suna, sai ya tambaya me ya sa bai nema da kansa ba. Malam Bappa ya fita alwala kafin a ba shi amsa, Rifkatu kuma tana sito, saboda haka ni kaɗai na yi masa bayani. Ya duba, ya dafe kai, ya ce kuskurensa ne. Ya ce lokacin sa manhajar tana tambaya: wa mai wannan akawunt kaɗai za a sa, ko wa duk masu amfani da kwamfutar? Shi kuma ya danna na farko bai lura ba. Gyaran bai fi na rabin awa ba, in ji shi, amma sai an karɓo faifan da kalmar sirrin babban akawunt mai iko da na'urar gaba ɗaya, kuma duka biyun suna cikin ambulan a kabad ɗin Darakta, wanda ranar ya yi tafiya. Injiniyan na sauri zai kama mota. Ya ɗauki wata takarda da aka lalata, ya juya bayanta, ya rubuta mini matakan ɗaya bayan ɗaya, ya ce in ba Darakta idan ya dawo. Daga nan kwangilarsu ta ƙare, ban sake ganinsa ba.

Na ninke takardar na sa a jakata. Na ce gobe zan kai. Da gobe ta yi na ce bari a gama aikin da ke gabanmu. Haka har na daina ce wa kaina komai.

Za ku ce me ya hana in ba su kalmar sirrina kawai su riƙa shiga. Na gwada sau ɗaya. Lokacin da kai Usman ka yi ƙyanda, na rubuta ta a takarda na bar wa Malam Bappa na kwana biyu. A cikin kwana biyun nan aka rage wa wani ma'aikaci shekara biyu a ranar haihuwarsa. Manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa bayani, sunan da ta rubuta kuwa nawa ne. Malam Bappa ya rantse bai yi ba, kuma na yarda da shi har gobe, don mutum ne da ke barin ƙofa a buɗe ya tafi masallaci, takardar kuma a kan tebur ya bar ta. Ba a gano wanda ya yi ba. Ni aka ba takardar tuhuma, na yi sati biyu ina hawa da sauka kafin a bar maganar. Tun daga ranar na canja kalmar, ban sake ba kowa ba. Da akwai ranar da ta dace in fito da takardar injiniya, to wannan ce. Amma sai na ga abin ma ya ƙara mini daraja, don Darakta ya tara mu ya ce daga yau kada wanda ya kusanci teburin Malama Hauwa.

To daga nan ne gajiya ta fara. Ba na fita cin abinci sai an biyo ni. Sallar azahar sau da yawa sai ta kusa haɗuwa da la'asar. A lokacin mun koma gidanmu na Gwallameji ke nan, ko filasta ba a gama ba, unguwar ma gidaje tsilli-tsilli ne. Ranar Asabar ina tsakiyar tuƙa tuwo sai in ji hon a ƙofar gida, direban ofis ne, wai ana neman jerin sunaye da gaggawa. In sauke tukunya, in ɗauki mayafi. Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ke ƙarasa tuƙin, kun kuwa san irin tuwon da kuka ci a shekarar. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Iyakarsa ya ce wannan wane irin aiki ne da babu mai karɓar mutum, ni kuma in ce masa haka na'urar take. Hutun shekara ban samu ba. Sunan ɗiyar ƙanwarsa ban je ba, har yau akwai waɗanda ba su manta ba a dangin.

A damina ta biyu mahaifiyata Dada ta faɗi a tsakar gida a Miri, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bayan an sallamo ta daga asibiti ta ƙi zama a wurinmu, ta ce a mayar da ita ɗakinta. Kawunku Buba yana gona daga safe har yamma, matarsa da goyo, ga awaki, ga girki. Ni ce 'yarta mace tilo. Ranar Lahadi kaɗai nake samun zuwa, babanku ya ɗauke ni a babur, mu bi ta cikin taɓo, in yi mata wanka, in wanke kayan shimfiɗa, kafin la'asar mu juyo. A farkon ciwon bakinta na fita, ko da yake a karkace. Tana son ta yi ta ba ni labari, na rugar da aka haife ta, da yadda suka shigo da shanu suka zauna, da sunayen matattun da ban sani ba. Ni kuwa ina sauraro ina duban agogo.

Sau uku na rubuta neman hutu. Sau uku Darakta ya kira ni ya yi mini jaje, sannan ya ce ana shirin tantance ma'aikata, idan na tafi wa zai buɗe furogiram? In yi haƙuri zuwa wata mai zuwa. A duk sau ukun jakata na rataye a kafaɗata, takardar na ciki.

Wata Lahadi ina ɗaura ɗankwali zan tafi, Dada ta riƙe gefen zanena da hannunta mai lafiya. Na ce mata gobe Litinin, dole in kasance a ofis, ba mai iya aikin sai ni. Ta daɗe tana kallona kafin maganar ta fito.

"Kulu, ina ce gwamnati na da mutane da yawa."

Na yi dariya na ce haka ne, Dada. Na zare zanena na fita.

A cikin satin babanku yana neman katin asibitin Dada a jakata, ya zazzage ta a kan tabarma. Takardar ta faɗo, ta yi laushi, ta yi baƙi a wuraren ninki. Malamin makaranta ne, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya sake karantawa. Ina wanke-wanke ya zo ya tsaya a kaina.

"Hauwa, wannan ta ofishinku ce?"

Na ce ita ce.

"Tun yaushe take wurinki?"

Na ce wata goma sha huɗu.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke ta yadda ya same ta, ya ajiye a kan murfin tukunya kusa da ni, ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya san Turanci, kuma abin da ya karanta bai yi kama da abin da nake gaya masa duk Asabar ba. Sannan ya ce tsohuwar nan ba za ta jira tantance ma'aikata ba. Ya sa hularsa ya tafi masallaci. Kwana biyu muna gaisawa kawai, kuna ta kallonmu kuna tsammanin wani abu ne babba a tsakaninmu. To wannan ne.

Ranar Laraba na shiga ofishin Darakta na ajiye masa takardar. Na yi niyyar in ce a cikin tsofaffin fayiloli na tsince ta. Har na shirya maganar a kan hanya. Amma da ya ɗago kai ya tambaye ni yaushe na san da wannan, sai na ji na gaji da ƙaryar ma.

"Tun bara, Yallaɓai."

Ya cire tabarau ya goge ido. "Da kin ce jiya kika gano, da ya fi miki."

"Na sani, Yallaɓai."

Ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗauko ambulan, ko yage bakinsa ba a taɓa yi ba. Ya ce injiniya babu shi, ba kuma za a kira wani ba, tunda ni na riƙe takardar ni zan yi aikin. Idan bayanan ma'aikata suka salwanta, in san cewa a wuyana suke. Na ce na ji.

Washegari da safe na roƙi a tayar da janareta, don kada wuta ta ɗauke muna tsakiya. Na gaya wa Malam Bappa da Rifkatu abin da zan yi da kuma tun lokacin da na san shi. Rifkatu ta ce, "Kai, Malama Hauwa." Malam Bappa ya jawo kujera ya zauna a gefena. Na kwafe dukkan bayanan a filashi, na sake kwafewa a faifai, na buɗe kowanne na tabbatar suna ciki. Na fita daga akawunt ɗina, na shiga babban akawunt da kalmar da ke cikin ambulan. Sai mataki na uku, wanda ya ce a cire manhajar gaba ɗaya. Na daɗe hannuna na kan abin dannawa. Da na danna, na ga layi yana tafiya, sannan aka ce an cire. Na sa faifan injiniya, na bi shafi bayan shafi a hankali, har na iso wurin. Ƙananan da'ira biyu ne, ɗaya a saman ɗaya. Ta sama ta ce wa mai wannan akawunt kaɗai, ta ƙasa ta ce wa duk mai amfani da wannan kwamfuta. Abin da ya hana ni hutu fiye da shekara ke nan, bai kai ƙwayar gero ba. Na danna ta ƙasa. Da ta gama, na kwashe bayanan daga ma'ajiyata na zuba su a ma'ajiyar da kowa ke iya kaiwa, kamar yadda takardar ta ce.

Na tashi na ba Malam Bappa kujera. Ya buga sunansa da yatsa ɗaya, ya shiga. Alamar manhajar na nan a fuskar kwamfuta. Ya buɗe ta, sai ga shafi fari fat, babu sunan ko mutum ɗaya. Na shiga da nawa, nan ma babu. Na zauna a kan akwatin fayil. A daidai lokacin wani daga sashen da ke kusa da mu ya leƙo neman takarda, ya ga fuskokinmu, ya ga farin shafi, ya juya. Kafin azahar duk ginin ya ji cewa Malama Hauwa ta goge sunayen ma'aikata. Asalin maganar da kuka ji ke nan.

Rifkatu ce ta ɗauki takardar ta kai bakin taga ta ɗaga ta a haske. A ƙasa, daidai inda ninki ya cinye rubutun, akwai layi ɗaya da ban gani ba. Ta yi ta haɗa haruffan har ta karanto shi: bayan an sa manhajar, sai an nuna mata sabon wurin da bayanan suke. Na koma babban akawunt na nuna mata. Malam Bappa ya sake shiga, sunaye suka cika shafin. Rifkatu ta shiga da nata, su ne dai. Duka abin bai kai awa ɗaya ba. Malam Bappa ya koma kan kujerar, ya nemi sunansa, ya daɗe yana karanta ranar da aka ɗauke shi aiki. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Shekara guda ina tsaye a bayanki kamar mai roƙo, Hauwa. Na haifi kamarki."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya kuma yafe ɗin, amma bai sake zama mun yi hira kamar da ba har ya yi ritaya.

Kwana biyu na yi ina koya musu, ranar Litinin aka sa hannu a hutuna. Na haɗa kaya na tafi Miri. Na tarar bakin Dada ya riga ya rufe. Ranar da ta riƙe zanena tana magana, yanzu sai ido da hannu. Kwana goma sha tara na yi da ita. Ina ba ta kunu da cokali, ina juya ta, ina taje mata kai in yi mata kitso biyu. Da hantsi in fito da ita inuwar bishiyar ƙofar ɗaki ta ga gero ya yi tsayi. Na yi ta tambayarta sunan rugar nan, da sunan yayarta da ta ce ta rasu a hanya, tana motsa baki, ba abin da ke fita. Na tambayi Buba, ya ce shi ba ta taɓa gaya masa ba. Shi ya sa duk lokacin da kuka tambaye ni asalin Dada nake ce muku daga gabas suka zo, in tsaya nan. Ta gaya mini, ban riƙe ba. Ta rasu wata safiya ana yayyafi, kanta a cinyata.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki. Malam Bappa ne a kan kujera mai katifa, kuma ya cancanta. Aiki na tafiya lafiya, tantancewar ma an fara ba tare da ni ba. Waɗanda ke leƙowa gaishe ni suka yi mini ta'aziyya sau ɗaya, daga nan suka koma wucewa. Darakta bai sake ambaton maganar ba. Bayan wata biyu Rifkatu ta same ni a baranda da ambulan a hannu, idonta ya yi ja, ta ce ita aka sa ta buga, ba yadda za ta yi. Canjin wurin aiki ne zuwa wani ƙaramin ofishinmu a Tirwun. Ƙarin girman da nake sa rai a shekarar bai zo ba, bai kuma zo a ta bayanta ba. Babanku ya ce in rubuta koke. Na ce in rubuta in ce me? Darakta ya hana ni hutu sau uku a kan abin da ni na san ba gaskiya ba ne, na kuma bar shi yana ta ba ni haƙuri. Ko ni ce shi ba zan so in riƙa ganina kullum ba. Kada ku riƙe shi a zuciya, kada ku riƙe kowa a wannan ofis.

Ofishin Tirwun ɗaki biyu ne a bakin gonaki, babu wuta. Suka nuna mini tebur, a kansa tsohuwar tafireta an lulluɓe ta da buhu. Na share ta, na sa mata mai, na buga takarda biyu, aikin ranar ya ƙare. Ƙarfe biyu shugaban wurin ya ce in tafi, ba abin da ya rage. Na tsaya ina jiran ya tuna wani abu, bai tuna ba. Na hau acaɓa zuwa cikin gari, na sake hawa wani zuwa Gwallameji. Na tarar da gida babu kowa, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na zauna, ko mayafi ban cire ba.

Ke Aisha kika fara dawowa daga makaranta, kina aji biyu a lokacin. Kika turo ƙofa, kika gan ni, kika tsaya da jaka a bayanki.

"Umma, ba ki da lafiya ne?"

Na ce lafiyata ƙalau, an tashi daga aiki ne kawai. Ba ki yarda ba. Kika ajiye jakar, kika zo kika sa tafin hannunki a goshina, kamar yadda nake yi muku, kika daɗe ba ki ɗauke ba.